Yadda za ka nemi kujerar wakilin ɗalibai a ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam

Da farko biya kuɗin zama mamba, ka adana rasit. Sannan samo kundin dokokin ƙungiyar ka karanta sashen ɗalibai: wa ya cancanta, yaushe ake rufe karɓar fom.

Je wurin malamin da ke duba bincikenka na digiri na biyu. Ka gaishe shi, ka ce, "Malam, shawara na zo nema," kafin ka ciro takardar sa hannu. A nan ɗalibai ke yin garaje, ni kuwa ina ganin matakin nan ya fi sauran nauyi.

Daga nan bi 'yan ajinku a sabuwar Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo, ɗaya bayan ɗaya. Saƙon WhatsApp kaɗai ba ya kawo ƙuri'a.

Miƙa fom da wuri, ka riƙe kwafi.