Yadda ake zaɓar kayan aikin lambun gida da yi musu kaifi

Na sha ganin mutum ya fara lambu da zafinsa, ya kwaso kayan aiki kamar zai buɗe shago. Bayan wata biyu ka tarar da su jingine a bango sun yi jajir da tsatsa, ciyawa kuma ta cinye lambun. In ka tambaye shi sai ya ce aikin ne da wuya. Ka ɗauki fartanyarsa ka shafa bakinta, za ka ji ta kamar bayan wuƙa. Ba aikin ba ne, dakusasshen ƙarfe ne ya kore shi.

Ka fara da kaɗan. Fartanya, shebur, manjagara, ƙaramin cokalin dashe, almakashin yankan reshe, sai butar ban ruwa mai rariya a baki don kada ruwa ya tone iri. Diga da baro ka aro ranar da bukatarsu ta taso. Tarin kayan nan da ake haɗawa a kwali ɗaya a sayar da araha, ni dai ba na kallonsu, ƙarfensu lanƙwashewa yake yi a ƙasa mai tauri.

Wajen saye, ƙota ake fara dubawa. Zaren itacen ya miƙe tun daga sama har ƙasa, babu ƙulli, babu tsaga. Ka girgiza: in kai yana rawa, ajiye. In daga baya ƙota ta bushe ta saki, buga mata ɗan tsinken katako ya matse. Masu jiƙa ta cikin ruwa matsewar yini ɗaya kawai suke samu, tana bushewa ta fi da sakewa.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Sabuwar fartanya da sabon shebur yawanci ba su zuwa da kaifin kirki, kai ne za ka yi musu. Nemi magagari mai laushin haƙora, mai mariƙi. Danne ƙarfen ya zauna daram, ko da ƙafa ko da abin matsewa, bakin yana kallon nesa da jikinka. Dubi gefen da aka riga aka karkata, shi za ka bi, kada ka ƙirƙiro naka. Kusurwar da ta kai digiri 30 zuwa 45 ta isa, tun da ƙasa za a sara ba gemu za a aske ba. In ka sirantar da bakin fiye da haka, tsakuwa ɗaya za ta ɓantare shi.

Magagari a turawa yake ci. Ka tura, ka ɗaga, ka dawo, ka sake turawa. Gurzawa gaba da baya haƙoransa kawai take kashewa. Ci gaba har sai ka ga siririn layi mai ƙyalli ya bi bakin duka, ka kuma ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya taso a bayan. Shi za ka share da shafa biyu, magagarin a kwance.

Ni nan na yi asarar fartanyata ta farko. Gaggawa ta sa na ɗora ta kan injin wasa wuƙa, na danne har bakin ya koma shuɗi. Na ɗauka kyau ta yi. Ashe zafi ya kashe taurin ƙarfen, ko kunya ɗaya ban gama ba bakin ya nannaɗe. In dole sai inji, ka riƙa tsoma ƙarfen a ruwa kafin ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba.

Almakashi kuwa dutsen wasa mai laushi yake so, kuma gefen da ke karkace kaɗai. In ka taɓa shimfiɗaɗɗen gefen, sai wuƙaƙen su daina haɗuwa, su koma tauna reshe. Reshen da ya fi babban yatsanka kauri ba nasa ba ne, zarto za ka nema. In ka yanke shuka mai cuta, goge bakin da sifirit kafin ka je ga ta gaba.

Sauran ba wuya. Kana tashi daga aiki ka kankare laka, ka wanke, ka tsane da tsumma, ka shafa ɗan mai. Baƙin man mota kada ka kai shi inda za ka shuka abin ci. Wanda ya riga ya yi tsatsa a kwana da shi cikin binega, wato ruwan khal, da safe a goge da burushin waya. A rataye su a inuwa nesa da ƙasa saboda gara, manjagara kuma haƙoranta su kalli bango.