Yadda ake duba ƙodar kifin trout don gano cutar PKD

PKD cuta ce mai kumbura ƙodar kifayen ruwan sanyi irin su trout da salmon a Turai da Arewacin Amurka. Ƙwayarta, Tetracapsuloides bryosalmonae, tana rayuwa cikin wasu ƙananan halittu da ke mannewa a duwatsu da saiwoyi a ƙarƙashin ruwa, daga nan take shiga kifi. Ɓarnarta na tsananta ne idan zafin ruwa ya haura digiri 15. A Agustan 2016 ta kashe dubban kifaye a kogin Yellowstone na jihar Montana ta Amurka, har hukuma ta rufe wani dogon sashe na kogin.

Da farko zaɓi kifin da ke gargara, wanda jikinsa ya yi duhu, ciki ya kumbura, idanu sun firfito. Kada ka ɗauki wanda ya kwana a mace, domin ƙoda tana saurin ruɓewa. Ɗaga murfin gefen kai: idan jan naman numfashi ya koɗe, jini ya ragu.

Tsaga cikin da almakashi daga mafitar kashi zuwa maƙogwaro. Wuƙa tana huda hanji ta ɓata aikin. Janye hanji da hanta gefe, ka ɓare jakar iska a hankali.

A nan ne sababbin hannu suke tafka kuskure. Doguwar abar nan mai duhun ja da ke kwance a jikin ƙashin baya, wadda mai gyaran kifi kan kankare da babban yatsa yana zaton daskararren jini ne, ita ce ƙodar. Kada ka kankare ta, kada ka zuba mata ruwa. Lafiyayyiya siririya ce, a shafe take, sumul. Mai cutar kuwa tana tasowa ta yi tudu-tudu, launinta ya koma toka-toka da dabbare-dabbare, musamman ta wajen wutsiya. Duba saifa ma, takan kumbura.

Ido kaɗai bai isa ba, don akwai cutar bakteriya mai kumbura ƙoda. Yanki ɗan guntun ƙodar ka saka a fomalin (ruwan da ke hana nama ruɓewa) mai kashi 10 cikin ɗari, wani a ruwan etanol don gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar ta ƙwayoyin halittarta. Gwajin da tsada, amma ya fi sayen maganin da ba zai yi aiki ba.

Cutar ba ta da allurar rigakafi. Rage abinci, daina kamawa da tantance kifin, ƙara iska a ruwa. Sababbin 'ya'yan kifi kuma a jinkirta zuba su sai ƙarshen lokacin zafi, ruwa ya fara sanyi. Wanda ya kamu ya warke yakan jure ta a shekara mai zuwa.