Idan Fitilar Sitiyari Ta Kama Bayan Canza Rak

Ka ɗaura sabon rak, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, sai fitilar EPS, wato ta sitiyari mai aiki da lantarki, ta kama? Kada ka yi saurin sayen sansa, wato na'urar da ke auna juyawar sitiyari. Ni soket nake fara dubawa, domin yaran gareji kan bar shi bai zauna daram ba. Sai batir, in ya yi sanyi kwamfutar mota rikicewa take.

Abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne sitiyarin da aka bari yana juyawa bayan an kwance rak. Wayar da ke naɗe a bayansa kan tsinke, hon ma ya daina kuka. Shi ya sa nake ɗaure sitiyarin da bel tun farko.

In waɗannan lafiya suke, yi alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, miƙe tayoyin gaba, ka jona kwamfutar gwajin mota ka mayar da lissafin sansar zuwa sifili.