Yadda Za a Yi Bikin 1 ga Oktoba a Gida, Yara Su Ƙaru

A gidaje da yawa ranar 'yancin kai ba ta wuce ranar barci da kallon talabijin ba. Alhali da ɗan shiri kaɗan, yaro zai kwana ya san abin da ya faru a Filin Sukuwa na Legas a 1960, daren da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista.

A fara da tuta, kwana biyu kafin ranar. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta. Idan faɗin santimita 60 ne, tsawon ya zama 120, wato ƙyalle uku kowanne santimita 40: kore, fari, kore. A tsaye ake jera su, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗinka su a kwance. A jiƙa koren yadin shi kaɗai a shanya kafin a kai wa tela, domin in yana zuba, ruwan sama ɗaya na ƙarshen damina zai ɓata farin. Ƙananan yara a yanka musu kwali mai santimita 10 da 20, su shafa kala, a manna a tsinken tsire bayan an datse tsininsa. Suna cikin aikin sai a gaya musu cewa wani ɗalibi, Michael Taiwo Akinkunmi, ya zana ta a 1959, kore na nufin albarkar noma, fari zaman lafiya. A ɗaga ta da safe, a sauke da faɗuwar rana, kada ta taɓa ƙasa.

Wajen taken ƙasa ma ana samun ruɗani. A watan Mayun 2024 aka dawo da taken 1960, aka ajiye wanda ake rerawa tun 1978. Galibin iyaye na 1978 suka haddace, don haka a bar yaran makaranta su ja, manya su bi.

Amma abin da ya fi komai daraja a wannan rana shi ne tsohon da ke cikin gida. Wanda yake da wayo a 1960 yanzu ya haura saba'in, kuma irinsu kullum raguwa suke yi. A zaunar da Kaka ko Baba Tsoho da hantsi, bayan karin kumallo, kafin gajiya ta kama su. A ajiye waya kamar kamu biyu daga bakinsu, a rufe layin don kada kira ya katse ɗaukar murya, a kashe fanka da janareta. Kada a ce "Kaka, ba mu labarin 'yancin kai", amsar ba za ta wuce "ai an yi biki" ba. A yi tambaya mai kama abu: "Kaka, nawa ake sayar da mudun gero a lokacin?" "Wa ke da rediyo a unguwarku?" "Baba, ka ga dalar gyaɗa da idonka?" "Yaya kuka yi da aka canja fam da sule zuwa naira a 1973?" Kowane yaro tambaya biyu, a rubuce tun da dare. Minti ashirin ya isa. In hira ta gangaro kan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kada a tare su, shi ma tarihin ƙasar ne. A tura muryar ga mutum biyu a dangi a ranar, saboda waya na ɓata.

Bayan azahar a baje kuɗi a tabarma: naira 5 Tafawa Ɓalewa, 20 Murtala Muhammed, 100 Obafemi Awolowo, 200 Sardauna Ahmadu Bello, 500 Nnamdi Azikiwe. Kowane yaro ya ɗauki ɗaya ya faɗi abu guda game da mai hoton. A ƙara da sunan Hajiya Gambo Sawaba da Malam Aminu Kano, kada yara su ɗauka wanda ke jikin kuɗi kaɗai ya yi gwagwarmaya. A tambarin ƙasa kuma a nuna musu farar alamar Y, inda kogin Kwara da Binuwai suka haɗu a Lokoja.

Abinci ba sai an wahala ba: tuwon shinkafa a tsakiya, miyar alayyafo gefe da gefe, tuta ta fito a faranti. In akwai maƙwabci Bayarabe ko Ibo, a aika yaro da kwano.

Masu son fita akwai Gidan Makama a Kano, Arewa House a Kaduna, da kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi. A tambaya tun jajibiri ko za su buɗe, tunda ranar hutu ce, a kuma tafi da ruwan sha da littafin da kowane yaro zai rubuta abu uku da ya gani.