Tankin kifin ado na filawud da gilashi: inda aiki yake lalacewa

Tanki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, zurfi 60 yana ɗaukar ruwa lita 648. Kowace lita kilo ɗaya ce, wato nauyin buhun siminti 13 ke nan tun ba a zuba tsakuwa ba. Wasu masu haɗa irin wannan tanki ba sa yin wannan lissafi, sai su ɗora shi kan teburin falo. Ana buƙatar mazauni na ƙarfe ko na katako mai kauri, shimfiɗaɗɗe daidai, domin in kusurwa ɗaya ta nutse ko da kaɗan, akwatin zai murɗe, gilashi kuwa ba ya lanƙwasa.

Matsalar katako tun daga kasuwa take farawa. In ka shiga kasuwar Katako a Jos ka ce kana son wanda ruwa ba ya ci, mai yiwuwa a nuna maka baƙin allon nan mai santsi da magina ke zuba kankare a kai. Yana da ƙarfi, amma efoksi, wato gam ɗin da ake shafawa don hana ruwa shiga katako, ba ya kama fatar da ke samansa sai an kankare ta da samfefa har katakon ya fito. MDF kam, allon nan na garin katako da aka matse, kada ma a fara, ɗigo ɗaya ya shige shi ya kumbura. A nemi filawud mai kaurin milimita 18, a duba gefensa: in akwai ramuka tsakanin yadudduka, a ajiye. A haɗa da gam mai jure ruwa da sukuru duk bayan santimita 8 zuwa 10. Ƙusa zarewa take yi.

Fentin mai ba ya tare ruwa, wannan aikin efoksi ne, kuma a nan ake yawan yin ha'inci. Efoksi ruwa biyu ne da ake haɗawa: wani ya auna su da ido, wani ya tsinka da tina don ya yi auki, sai a wayi gari yana danƙo har mako ya zagayo. A bi awon da ke jikin gwangwani daidai, a shafa sau uku ko huɗu. Kusurwoyi su ne wurin yoyo: a cike su da efoksi mai kauri su zama lanƙwasassu, sannan a shimfiɗa ƙyallen faiba (na zaren gilashi), don ba ya kwanciya a kusurwa mai kaifi, iska takan maƙale a ƙarƙashinsa. Sanyin Jos a Disamba da Janairu yana jinkirta bushewa, saboda haka a shafa da hantsi, cikin ɗaki, kada ƙurar hunturu ta manne.

Kaurin gilashi zurfin ruwa ne ke yanke shi. A zurfin santimita 60 da wannan tsawo, milimita 12 ake so. Gilashin taga na milimita 5 ba na wannan aiki ba ne. Wanda aka gasa kuma ba ya yankuwa, ba ya hujuwa, tarwatsewa yake yi. A manna gilashin daga ciki, ya hau kan firam, wato katakon da ya kewaye tagar gaban tankin, da santimita 5 kowane gefe, yadda ruwa zai riƙa danna shi. A bar silikon, gam ɗin manna gilashin, mai kaurin milimita 2 zuwa 3 tsakani, kada a matse har ya tsiyaye duka. Silikon ɗin banɗaki da aka rubuta yana hana funfuna yana ɗauke da magani mai kashe kifi. Zalla ake nema.

Masu son ganin saman tanki a buɗe sukan cire sandar da ke riƙe gaba da baya. Ita ke hana bangon buɗewa, a bar ta.

Sai gaggawar cikawa. A ba silikon kwana 7, a gwada a tsakar gida, a zuba kashi ɗaya cikin uku, a shimfiɗa jarida a ƙasa ta kwana, sannan a ƙara. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, a sa maganinsa kafin kifi. Yawancin kifayen ado suna son ɗumin digiri 24 zuwa 27, don haka a Jos hita dole ce, da murfi mai riƙe ɗumi in an ɗauke wuta da dare.