Ga masu kwana a tanti wajen Marwa, a arewacin Kamaru

'Yan'uwa, don Allah kada ku kafa tanti a cikin busasshen mayo, wato kogin da ke ƙafewa da rani, ko da yashin ya fi laushi. Da damina ruwa kan sauka a duwatsun Mandara, ku kuna nan sama garau, cikin dare ambaliya ta iso. Ku nemi tudu.

Ku share ƙaya, ku shimfiɗa tamfol, ƙofa ta juya wa iska baya. Turaku a karkace ake buga su, kansu na kallon waje. Zif kullum a rufe saboda kunama, takalmi a zazzage da safe.

Kuma kada a naɗe tantin da danshi. Nawa kwana 4 kacal ya yi a buhu, na buɗe na tarar fumfuna ta cinye gefen ɗinkin. A shanya a inuwa tukuna.