Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gano Astaroyid da Lissafin Falakinsa

Ɗaliban kimiyya a Kaduna sun fara sha'awar duwatsun da ke zagaye rana tsakanin Mirrihi da Mushtari, waɗanda ake kira astaroyid. Abin farin ciki ne ƙwarai, sai dai akwai wuraren da ake yawan tuntuɓe.

Na farko, ana ɗaukar astaroyid a matsayin tauraro. Tauraro haskensa nasa ne, shi kuwa wannan dutse ne da ke aron hasken rana. Kuma ba shi ne tauraro mai wutsiya ba. In ban da Vesta, da akan iya hangowa da ido a dare mai duhu sosai, sauran sai da na'urar hangen nesa. Wasu kuma sun ɗauka wurin a cunkushe yake kamar Kasuwar Barci ana gobe Sallah. Ba haka ba ne: tsakanin wani dutse da maƙwabcinsa akan sami dubban ɗaruruwan kilomita, kuma in aka haɗa nauyinsu duka bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyin wata ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne gaggawar cewa "na gano". Mutum ya ga ɗigo ya motsa a hotunan dare guda, sai ya fara shela. Ɗigon nan yana iya zama tauraron ɗan'adam, ko tabo a na'urar ɗaukar hoto, ko dutsen da aka sani shekara da shekaru. Gyaran shi ne a duba ko ɗigon na tafiya a miƙe, da sauri iri ɗaya, haskensa bai sauya ba a hotuna uku ko huɗu. Sannan a gwada shi da rajistar Minor Planet Center da ke Amurka, inda ake tattara irin waɗannan rahotanni. Ko an karɓa, suna na wucin gadi ake fara ba shi, wato shekara da haruffa biyu. Lamba ta dindindin sai an sake ganinsa cikin shekaru da dama har hanyarsa ta tabbata, daga nan ne mai ganowa zai ba da shawarar suna.

Tarihin Ceres, wanda shi ne mafi girma kuma na farko da aka gano a cikin duwatsun nan, ya isa misali. Giuseppe Piazzi ya hango shi a Palermo ranar 1 ga Janairu 1801, ya bi shi kusan kwana arba'in, sai hasken rana ya ɓoye shi. Sai da masanin lissafi Carl Friedrich Gauss ya lissafa falakinsa, wato hanyar da yake bi wajen zagaye rana, daga ma'aunan nan kaɗan aka sake gano shi a Disambar shekarar. Ma'auni uku sun isa a fara lissafi, amma in duk a dare ɗaya aka ɗauke su, hanyoyi barkatai za su dace da su.

Akwai kuskuren agogo, wanda ake rainawa. Masana na aiki da lokacin UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, agogon Najeriya kuma yana gaba da shi da awa ɗaya. Wanda ya rubuta ƙarfe goma na daren Kaduna a matsayin UTC ya ƙara awa ɗaya a kan ainihin lokacin da ya ga dutsen, duk lissafin da ya biyo baya ya karkace. A cire awa ɗaya kafin a rubuta.

Haka nan kada a zana falakin a zagaye cif. Ya ɗan yi tsawo, rana kuma ba a tsakiya take ba, shi ya sa dutsen kan ƙara sauri idan ya matso kusa da ita. Dokar Kepler ta uku na taimakawa wajen bincika amsa: a ninka matsakaicin nisan da kansa sau uku, a fitar da tushen murabba'i. Dutsen da nisansa ya ninka na duniya daga rana sau 2.5 zai yi kusan shekara 4 kafin ya zagaye rana sau ɗaya; Ceres na yin 4.6. In lissafinka ya ba ka wata takwas, koma ka duba.

Masu fita kallo kuma su guji lokacin hazo mai kauri da daren farin wata, su nisanci fitilun gari, ko da ta hanyar Kachia ce.